Cikin Atine

Shekara biyu bayan ɓallewar kudancin ƙasar, damina ta yi tsakiya, Atine ta yi sallama gidan Jummare ungozoma a Mafaza da hantsi. Ta tarar da ita a tsakar gida tana tafasa almakashi a kan gawayi. Ko gaisuwar kirki ba ta yi ba, ta nemi bakin gadon igiya ta zauna, ta ƙara jan tobinta, dogon mayafin da ta lulluɓa, ta rufe kafaɗar hagu.

"Gwaggo, ina jin abin nan ya dawo."

Jummare ta sauke tukunyar ta juyo. Ba ta bukatar a gaya mata wane abu. Shekara uku da suka wuce aka cire wa Atine nonon hagu a Madani saboda sankara, aka yi mata ruwan magani har gashinta ya zube kaf, ta dawo gida kamar sillen kara. A hankali jiki ya dawo, gashi ya fito, amma jinin wata ya ɗauke bai ƙara zuwa ba sai ɗan tsilli-tsilli. Tun daga nan kullum da safe tana haɗiyar wata farar ƙwaya, duk wata uku kuma mijinta Sale ya kai ta a duba ta. Shekararsu bakwai da aure, Allah bai ba su haihuwa ba.

"Me kika gani?"

"Cikina ne ke kumbura. Abinci ba ya yi mini daɗi, kasala ta ishe ni. Jiya kuma na ji wani abu ya motsa a nan." Ta dafa ƙasan cibiyarta. "An ce in ya dawo ciki yake sauka. Ko Sale ban gaya wa ba."

Jummare ta shekara talatin da biyar tana karɓar haihuwa a bakin kogin Rahad. Tana yarinya ɗanya aka kai ta makarantar ungozomomi a Gadarif, ta dawo da akwatin ƙarfe da farin tobi, kuma Atine na cikin jariran farko da suka faɗo hannunta. Ta shigar da ita ɗaki ta kwantar, ta murza tafukanta don su yi ɗumi, ta ɗora a kan cikin. Ta lalluba dama, ta lalluba hagu. Ta buɗe akwatin ta ɗauko ƙahon sauraro, ta kafa shi, ta manna kunne. Ta daɗe a sunkuye, ta matsar da shi kaɗan, ta sake saurare.

Atine ta ga kafaɗun tsohuwar suna rawa, ta ɗauka kuka take, sai ta fara salati.

Ashe dariya ce. Jummare ta ɗago da hawaye a ido, bakinta har kunne.

"Ke 'yar nan! Wannan ciwon naki ai zuciya gare shi, tana bugawa kamar ta ɗan tsako! Ciki ne da ke, Atine. Wata huɗu, in ma bai gota ba."

"Gwaggo, kada ki yi mini haka."

"Wallahi tallahi. Zo ki ji... a'a, ke ba za ki iya ji ba. To ni na ji, kuma kunnen nan bai taɓa yi mini ƙarya ba."

"Ai ni ba ni ba haihuwa. Maganin ya ƙone komai."

"Wa ya gaya miki?"

Atine ta yi tunani. "Ba wanda ya gaya mini. Ni ce na ɗauka haka."

Ta tashi zaune, ta riƙe cikin da hannu biyu, ta fashe da kuka tana dariya. Jummare ta ji guɗa ta taso mata har maƙogwaro, ta danne ta da ƙyar don kada maƙwabta su cika gidan. Ta zaga ɗakin sau biyu ba ta san abin da take nema ba. A zagaye na uku ne ta tsaya cak.

"Ƙwayar nan da kike sha. Kin sha yau?"

"Na sha."

"Tana tare da ke?"

Atine ta kwance bakin tobinta ta miƙa mata. Jummare ta ɓare ɗaya, ta sansana, ta ɗan lasa. Haka aka koya musu gane magani a zamaninsu, amma wannan ba ta san shi ba. Abin da ta sani shi ne duk maganin da zai iya tare sankara, ba abin wasa ba ne a jikin mai ciki.

"Wa ke duba ki?"

Likitan sankara yana Madani, in ji Atine. Wanda ya yi mata aiki ya koma Khartum. Ƙwayar kuma a Gadarif take karɓa. Sai kuma wata sista da ta ba ta kati a zuwanta na ƙarshe, ta ce ko me ya faru ta kira ta. Bahaushiya ce ma, Iman Mailafiya.

Wayar Jummare ba ta kamawa sai a kan tudun bayan gidanta, kusa da turken awaki. Nan ta tsaya, laka na kama mata takalmi, ta yi ta ɗaga murya.

"Sista Iman? Jummare ce, ungozomar Mafaza. Atinenku ciki gare ta!"

Can ɓangaren aka ce, "Ya salam! Hala Jummare, kin tabbata?"

"Na ji zuciya da kunnena."

"Mabruk, mabruk, barka! Amma ki saurare ni. Kada ta ƙara shan ƙwayar nan ko ɗaya. Bari in kira Dakta Ubaidullah, likitanta na Madani, in tabbatar, kada ki bar wurin."

Jummare ta tsaya tana korar awakin da ke cin gefen tobinta. Ba a jima ba wayar ta yi ƙara. Dakta ya ce a dakatar da ƙwayar daga yau. Ranar Alhamis zai zo Gadarif, don sau ɗaya a wata yake zuwa. Iman na magana da sauri, tana cakuɗa Hausa da Larabci. Ta ce wata shida ke nan da aka ɗora mata aikin bin matan da suka gama magani, kuma wata shida tana roƙon likitoci su zauna ɗaki ɗaya a kan mace ɗaya, kowa na cewa ba shi da lokaci.

"Wannan karon ba mai tsere mini. Zan kawo likitar mata, zan kawo mai ba da magani. Ke ma ki zo, Hala."

"Ni? In yi me a cikin likitoci?"

"Su sau huɗu suke ganin ta a shekara. Ke fa?"

Aka aika a kira Sale daga gonar riɗi inda yake noma da 'yan ƙwadago. Ya shigo da fartanya a kafaɗa, fuskarsa a tsorace. Da Jummare ta gaya masa, sai ya zauna daɓas a ƙasa.

"Ciki? Na haihuwa?"

"Akwai wani iri ne?"

"Atine?"

"To ni ce?"

Ya miƙe ya ce zai yanka rago yanzun nan. Jummare ta riƙe masa hannun riga, ta ce ragon ya jira Alhamis, akwai abin da sai an duba tukuna. Ta gaya musu zancen ƙwayar ba ta ɓoye komai ba. Murnarsu ta ɗan ragu, amma ba ta tafi ba. Sale na fita ƙofar gida ta ji shi yana dariya shi kaɗai.

Ranar Laraba aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, baƙar ƙasar nan ta koma danƙo, ko lori bai iya fita daga Mafaza ba. Sale ya samo tarakta a wurin wani abokinsa, ya shimfiɗa katifa biyu a tirela. Da sassafen Alhamis suka hau. Duk ramin da aka shiga sai Jummare ta ƙwalla wa direba kira ya tafi a hankali, shi kuwa Sale ya sauka fiye da sau biyar yana tafiya a gaba yana duba hanya, laka har gwiwa. Suka isa bakin kwalta, suka sami bas, kafin azahar suna Gadarif.

Iman na jiran su a ƙofar asibiti, doguwa, siririya, da fayil uku a hammata. Ta rungume Atine, ta sumbaci Jummare a ka, ta ja su kai tsaye ɗakin hoton ciki. Daktora Rawan, likitar mata, matashiya ce mai tabarau, ba ta da yawan magana. Ta shafa mai a cikin Atine, ta ɗora na'ura. Jummare ta matso har tana taɓa allon da hanci. Duk shekarunta na aiki da hannu da kunne take ganin jarirai, ba ta taɓa ganin ɗaya yana juyi a cikin uwarsa ba.

"La ilaha illallahu! Ga kai! Ga ƙafa! Atine, kin ga yadda yake shuri?"

Daktora Rawan ta yi murmushi amma ba ta ɗauke ido ba. Ta auna kan, ta bi ƙashin baya gaɓa-gaɓa, ta tsaya a zuciya ta daɗe, ta duba fuska, ta ƙirga yatsu.

"Sati goma sha tara," ta ce da Larabci. "Ban ga abin da ya tayar mini da hankali ba. Zan sake dubawa bayan wata ɗaya, don ba komai hoto ke nunawa ba. Amma yau kam, alhamdu lillahi."

Wannan karon Jummare ba ta danne guɗar ba. Ta rangaɗa ta har masu jira a baranda suka leƙo, Sale ya jiyo daga waje ya ɗaga hannu sama.

Ɗakin taron ƙarami ne, tebur ɗaya da fanka mai ƙara. Dakta Ubaidullah dattijo ne mai furfura a gemu, ya iso da ƙurar hanyar Madani a takalmi. Ga Daktora Rawan, ga mai ba da magani. Jummare ta nemi kujerar bakin ƙofa, Iman ta janyo ta ta zaunar da ita kusa da Dakta. Atine na gefenta. Aka kawo shayi.

Iman ta baje fayilolin uku, ta ce wannan na sashen sankara ne a Madani, wannan na sashen tiyata, wannan na wurin karɓar magani, kuma yau ne karon farko da suka hau tebur ɗaya. Dakta ya bi su shafi-shafi. Can ya cire tabarau.

"Ya binti, 'yata," ya ce wa Atine, "akwai wanda ya taɓa gaya miki za ki iya ɗaukar ciki kina kan ƙwayar nan, kuma bai kamata ba?"

"Babu, Dakta."

Mai ba da magani ya ce shi ya ɗauka an yi mata bayani a Madani. Daktora Rawan ta ce ita yau ta fara ganin ta. Dakta ya girgiza kai.

"Ni ma na ɗauka za a tura ta wurin likitar mata. Ni na rubuta maganin, ni ya kamata in faɗa. Ki yafe mana."

Atine ta sunkuyar da kai ta ce ba komai, Allah ne ya nufa. Jummare ba ta taɓa jin babban likita ya nemi gafarar mara lafiya ba. Abin ya ba ta ƙarfin gwiwa, don haka da Dakta ya ce Atine ta riƙa zuwa duk sati biyu, sai ta gyara murya.

"Dakta, da izininka. A tarakta muka fito yau. Daga nan zuwa ɗaukewar ruwa, in ta riƙa bin hanyar nan duk sati biyu, a tirela za ta haihu."

Aka yi dariya. Dakta ya juyo da kujerarsa gaba ɗaya ya fuskance ta.

"To ya kike gani, Hajja?"

"Ku koya mini abin da kuke dubawa. Cikin na iya. Wancan ɓangaren ne ban sani ba."

Nan take ya miƙe. Aka ja labule, da yardar Atine ya kama hannun Jummare ya bi da yatsunta kan tabon aikin, ya kai su hammata, ya kai su ramin wuya, ya nuna mata yadda ake bin nonon dama. Ya ce ciki zai sa ya cika ya yi tauri, wannan ba komai ba ne, abin nema shi ne ƙullin da ba ya motsi kuma ba ya tafiya. Ya sa ta maimaita. Ta maimaita, ya kalli Iman ya ce hannun nan ya fi na wasu ɗalibansa.

Daga nan magana ta buɗe, kowa na tsoma baki, Iman na rubutawa a takarda ɗaya tak. Jummare za ta duba Atine duk Juma'a ta kira Iman. Daktora Rawan za ta gan ta sau ɗaya a wata, a ranar da Dakta ke zuwa, don tafiya ɗaya ta biya bukata biyu. Mai ba da magani ya ware mata na ƙarin jini, ya ce ko maganin ciwon kai kada ta sha sai an tambaye shi. Dakta ya ƙara da cewa hannun hagu, inda aka cire 'yan ƙululun hammata, kada a yi masa allura, kada a ɗaura masa awon jini, don yana iya kumbura.

"A ɗakin shan magani na garinmu duk hannun da ya fi kusa shi ake kamawa," in ji Jummare. "Mai naƙuda kuwa ba ta tuna hagu da dama. Zan ɗaura mata jan ƙyalle a wuyan hannun, in gaya wa kowa abin da yake nufi."

Iman ta rubuta wannan ma, ta ja masa layi.

Inda aka sami saɓani shi ne shayarwa. Dakta ya ce da zarar ta haihu ta koma kan ƙwayar, ba kuma a shayarwa a kanta, sai a ba jariri madarar gwangwani. Jummare ta ce da ruwan Rahad za a dama madarar, kuma ta binne jarirai da yawa saboda gudawa. Daktora Rawan ta goyi bayanta. Dakta ya ce shi ma ya binne iyaye mata da yawa, kuma kowane wata ba tare da ƙwayar ba yana da nasa haɗari. Muryoyi suka ɗan tashi. Iman ta buga biro a tebur.

"Mai abin tana zaune. Atine, me kika ce?"

Atine ta ɗago.

"Nono ɗaya ya rage mini, Dakta. Ina so ɗana ya sha shi. Amma ina so kuma in ga girmansa. Ku gaya mini iya watannin da zan iya, ba zan ƙara ko kwana ɗaya ba."

Dakta ya duba fayil. Ya ce wata shida, da sharaɗin zai duba ta da kansa a wata na uku, kuma in Hajja ta ji wani abu a hannunta, ranar za a yaye. Daktora Rawan ta ce kafin Atine ta koma kan ƙwayar ita za ta zauna da ita da mijinta a kan tazarar haihuwa, kuma a rubuta sunanta a gaban wannan aikin don kada a sake cewa an ɗauka. Kowa ya sa hannu a takardar. Da aka miƙo wa Jummare biro, ta rubuta sunanta da manyan baƙaƙe a ƙarƙashin na Dakta.

Washegari Sale ya yanka ragonsa.

Ruwa ya ɗauke, aka yanke riɗi, aka shiga girbin dawa. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci Jummare na gidan Atine, ta duba ciki, ta duba tabo. Sau ɗaya ta ji wani ɗan tauri a nonon dama, ba ta jira ba ta sa Sale ya kai su Gadarif, aka duba aka ce ruwan nono ne ke haɗuwa. Ta so ta ji kunya, Dakta ya aiko mata ta bakin Iman cewa haka yake so, ko sau goma ne. A wata na tara Atine ta tare gidan wata 'yar uwar Sale a Gadarif, Jummare ta bar Mafaza a hannun wata tsohuwar ɗalibarta ta bi ta.

Naƙuda ta zo wata Talata da safe, cikin sanyi. Wata sabuwar nas ta kama hannun hagu za ta sa ruwa, ta ga jan ƙyalle, ta saki ta zagaya dama. Daktora Rawan ta tsaya a gefe ta ce wa Jummare, "Ke kika fara jin ta, ke za ki karɓe ta." Kafin la'asar yarinya ta faɗo, jajir, da gashi cunkus, tana tsala kuka. Daktora ta juya ta gaba da baya, ta duba baki, ta duba ko'ina, ta ce lafiya ƙalau. Aka ɗora ta a ƙirjin uwarta, ta lalluba ta kama. Ranar suna aka raɗa mata Shatu, sunan mahaifiyar Sale.

Wata shida cif Atine ta yaye ta, ta koma kan ƙwayarta. Shatu ta yi kwana uku tana rigima, sannan ta karɓi kunu.

Taron Alhamis kuwa bai tsaya ba. Iman ta fito da sunayen mata goma sha ɗaya daga ƙauyuka waɗanda suka gama magani aka daina jin ɗuriyarsu, ta aika wa ungozomomin garuruwansu. A zaman da ya biyo baya huɗu suka zo, biyu daga Ƙala'at an-Nahal, kowacce da matar da ta nemo. Ɗakin ya yi kaɗan, aka fitar da teburin ƙarƙashin bishiyar dogon yaro. Dakta Ubaidullah ya makara a layin mai, Iman ta ce kada a ɓata lokaci, Hala ta fara nuna musu. Jummare ta naɗe hannun riga, ta kira ƙaramar cikinsu.

"Zo nan, 'yata. Fara ɗumama hannunki tukuna. Yawwa. To kawo yatsu uku."